Baba Yana Zuba Baƙin Mai A Sitiyarin Motarmu, Na Kasa Hana Shi

Barkanmu da warhaka 'yan uwa na wannan zaure. Malam Admin a taimaka a sakaya sunana, garinmu ƙarami ne, duk wanda ya ji labarin motar nan ya san gidan. Don Allah ku ba ni shawara, musamman direbobi da makanikai da ke cikinmu, da duk wanda yake da tsoho a gida, don ni dai kaina ya ɗaure.

Ni manomi ne a wani ƙauye na ƙasar Malumfashi, har yanzu gandu ɗaya muke yi da mahaifinmu da yayana. Shekarar da masara ta yi mana kyau muka haɗa hannu muka sayi a-kori-kura mai shan gas a wani kamfanin motoci a Kaduna, ba sabuwa dal ba amma da sauran ƙarfinta. Ni ke tuƙa ta. Ita ke kai taki gona, ita ke kwaso masara da waken suya, ita ke kai mai naƙuda asibiti, ranar Lahadi kuma ta tsofaffin coci ce. Matsalar ita ce ni ke tuƙi amma Baba ke gyara, kuma gyaran nasa ya fara ba ni tsoro.

Kada ku ɗauka Baba ɗan koyo ne. Ƙuruciyarsa kaf a manyan motocin auduga ya yi ta a Funtua, shi ne direba shi ne makanikin kansa, mota ta mutu masa a daji ba ya neman kowa. Sai dai a zamaninsu ba a jefar da filtar mai, wanke ta ake yi da kananzir a shanya a mayar. Gas kuwa ko daga jarkar 'yan bumburutu ya fito, a ɗaura tsumma a bakin tanki a tace, shi ke nan. Kuma a wajensa mai duk mai ne, baƙin man da ya rage bayan ya yi wa inji juye shi yake zubawa a tukunyar sitiyari. Duk Asabar da safe zai sa a shimfiɗa masa buhu a gindin dalbejiya, ya jera sifanoninsa, ya ce in buɗe bonet in matsa gefe.

Na san wasu za su ce to ka karɓe makullin mana. Ku ɗan saurara. Bara hawan jini ya kayar da Baba, ɓarinsa na hagu ya shanye. Da aka sallamo mu daga asibiti sai ya shige ɗaki ya juya wa bango fuska, ba magana, abinci sai Mama ta yi kuka kafin ya taɓa. Fasto ya zo, abokansa sun zo, jikoki sun zo, a banza. Mutumin da muryarsa ke tashin unguwa ya koma sai dai ka ji tarinsa. Wata safiya na tayar da motar zan tafi gona, sai muka ji muryarsa ta taga yana cewa a kashe ta, bel ya saki. Mama sakin tsintsiya ta yi ta zauna a ƙasa. Ranar ya fito da sanda, ya ɗaure bel ɗin da hannu ɗaya ina riƙe masa, kuma ranar ya cinye tuwonsa. Da muka koma asibiti likita ya ce duk abin da ya fito da shi daga ɗaki kada mu kuskura mu raba shi da shi.

To tun tsakiyar damina sitiyarin ya fara nauyi, da safe in na juya shi sai ya riƙa kuka, motar kuma in ta hau tudu da kaya sai ta riƙa shaƙewa. Na daure. Da kaka ta shigo, wata ranar muna dawowa daga gonar da muke haya ta wajen Mahuta, an cika ta da masara, matan da suka yi mana ɓara suna zaune a kan buhuna, har da matata. Akwai wata kwana da ke faɗawa kan kwalbati, na sha bin ta ba adadi. Na juya sitiyari ya ƙi, ya ƙage gaba ɗaya. Sai da na miƙe a kan kujera na sa ƙarfina duka kafin ya biyo, tayar baya ta goge bakin kwalbatin. Matan suna ta hirarsu, wata ma tsokanata ta yi wai ko na fara gyangyaɗi ne. Na tsaya a gaba na sauka kamar zan duba taya, ban bari sun gane abin da ya faru ba.

Da na gaya wa Baba, dariya ya yi, ya ce su da suka juya motar auduga da ƙarfin damtse ba su yi ƙorafi ba, 'ya'yan yanzu hannunmu na cin taliya ne. Na ce masa wannan motar ba irin waccan ba ce, tana da famfon sitiyari kuma man da take sha daban ne, ja ne. Nan fa ransa ya ɓaci. Ya ce wato ni zan koya masa mota, ya ce tun ban san hannun damana ba yake kwance inji. Na tashi na ba shi wuri. Bayan kwana biyu na sayo jan man da kaina na kai masa da ladabi, na ce ya gwada ko sau ɗaya. Ya buɗe ya shinshina, ya murza a yatsa, ya ce wannan ruwa ne aka sa wa kala don a ci kuɗin wawaye, ya ba Mama ya ce ta riƙa sa wa keken ɗinki.

Da na ga haka, ranar da na kai wake Kaduna sai na biya kamfanin da muka sayi motar. Suka ɗaga ta, suka sa mata na'ura, wani injiniya ya kira ni ya nuna mini abin da ya fito daga tukunyar sitiyari, baƙi ƙirin mai kauri kamar kunu. Ya ce robobin ciki sun kumbura, famfon yana gab da mutuwa. Filtar kuma ya tsaga ta a gabana, ashe takarda ce a ciki, wankin kananzir ya yayyaga ta, duk dattin gas wucewa yake yi kai tsaye. Sai suka jero mini ayyuka, a wanke tanki, a wanke nozul masu fesa wa inji gas, a sa sabuwar filta, a zuba wani magani a mai, a juye man sitiyari, a canza famfo da tiyo, har da sandar sitiyarin gaba ɗaya. Da suka faɗi kuɗin sai da na ce su maimaita.

Ban yarda da su kai tsaye ba, don na san kamfani ba ya ganin mota ya ce lafiyarta ƙalau. A hanyar dawowa na tsaya wajen wani makanike a Funtua da na yarda da shi. Ya ce maganin mai da wankin nozul za su iya jira, wannan neman ciniki ne, amma filta da sitiyari gaskiya suka faɗa, kuma in shi ne ba zai ɗauki ko akuya a motar nan ba sai an gyara. Na kai wa Yaya maganar. Shi Yaya ba ya tuƙi, ya ce in yi duk abin da zan yi amma kada Baba ya ji, kuma in ta fashe babu ruwansa.

Abin da na yi ke nan, kuma shi ke cina. Na ce wa Baba zan je ɗaurin auren abokina, na koma Kaduna na kwana, aka juye man, aka canza famfo da tiyo da filta. Sandar ce ban iya canzawa ba sai mun sayar da amfani, suka ce tana ɗan tsatsafo, in riƙa ƙara jan mai kaɗan-kaɗan, kuma kada baƙin mai ya sake shiga. Kafin in iso gida na tsaya a bakin hanya na shafa wa sababbin kayan ƙasa da tsohon mai don kada su yi ƙyalli. Ni magidanci mai 'ya'ya, ina tsugune a gefen titi ina ɓata abin da na saya don in yaudari ubana. Na ji kunyar kaina ƙwarai. Amma motar ta dawo daidai, da yatsa biyu nake juya ta.

Asabar ta zo, na yi niyyar ficewa da sassafe, na tarar har an shimfiɗa buhu. Na buɗe bonet ina jiran ya gane. Bai gane ba. A nan na san idon Baba ya tafi fiye da yadda muke zato, don da can ko ƙusa aka canza a motar nan sai ya tambaya. Ya lalubo murfin tukunyar sitiyari ya buɗe. Su kamfani a kan layi suke tsayar da mai, shi kuwa a ƙa'idarsa sai ya cika har baki. Ya ce in miƙo masa galan ɗinsa. 'Yan uwa, da hannuna na miƙa masa. Ina tsaye ina kallo baƙin mai yana gangarawa cikin jan.

Da ya gama ya ce in tayar, ya sa na taimaka masa ya hau kujerar direba, rabonsa da ita tun kafin ciwon. Ya kama sitiyari da hannun daman ya juya, ya ji laushinsa. Sai ya ɗora na hagun, mai ciwon, ya juya da shi shi kaɗai. Sannan ya ƙwala wa Mama kira ta zo ta gani. Ya dube ni ya ce, "Ka ji ko? Ɗan mai kawai take nema. Da ka kai wa mutanen Kaduna da sun yashe ka." Na ce haka ne Baba. Ranar har coci ya taka da ƙafarsa wajen gwajin waƙa, yana ba kowa labari.

Na kira makaniken Funtua, ya ce sau ɗaya ba zai kashe famfon ba in aka juye da wuri, amma tun da tana tsatsafo kuma duk mako ana ƙarawa, inda muka fito za mu koma, kuma ba ya iya ce mini ga ranar da za ta sake ƙagewa. Na yi tunanin musanya man da ke galan ɗinsa, amma ba ya zuba komai sai ya shinshina. Na yi tunanin in riƙa juyewa a ɓoye duk mako, to har yaushe, kuma ranar da ya kama ni fa? Na gaya wa Mama komai. Ta ce ita ba ta san mota ba, amma ta san watannin da ta yi tana roƙon mijinta ya buɗe baki ya ci abinci, in na mayar mata da shi ɗakin nan in san da wane ido zan dube ta. Matata kuma tun da ta ji gaskiyar abin da ya faru a kwalbati ta ce ita da 'ya'yanta sun bar shiga motar, kuma in ban faɗa ba ita za ta faɗa.

Ga shi ƙarshen watan nan zumuntar matan coci suna da taro a Danja, Baba ya riga ya yi wa Fasto alkawarin motarmu, ya ce da hannunsa zai yi mata sabis na musamman kafin tafiyar. Iyayen mutane ne za su cika bayanta, Mama na ciki. Ba zan iya ɗaukarsu ina sane da abin da ke cikin tukunyar nan ba. Kuma ban san yadda zan dubi Baba in ce masa laushin da ya ji ba aikinsa ba ne, aikinsa ne ma ya kusa kashe mu, idonsa kuma ya daina gani.

Don Allah ku gaya mini, in faɗa masa gaskiya ko in ci gaba da ɓoyewa? In faɗar ce, ta wace hanya, ni ko wani babba? Akwai wanda ya taɓa karɓar aiki daga hannun mahaifinsa ba tare da ya karya shi ba? Masu zagi ku yi haƙuri, na riga na zagi kaina. Yau da zan fito ya kira ni ya ce galan ɗinsa ya ƙare, in sayo masa babba, don yanzu sitiyarin ma yana sha sosai. Ina Funtua yanzu haka, a cikin motar, a gaban shagon mai. Tun ɗazu mai shagon yake leƙowa yana tambaya ko lafiya, na kasa shiga kuma na kasa komawa gida.