A Rubuta Gaji

Litinin, 4 ga Maris 1974
Wata bakwai yau da yarinyar nan ta tsallaka Kano aikatau. Ko saƙo. 'Yar fari ce, ban taɓa kiran sunanta ba, nan ma ba zan rubuta ba.

Laraba, 6 ga Maris
Mutanen arewa sun cika bayan kasuwar Magaria, yunwa ta koro su. Saratou ungozoma tana bin gida gida, wai kowace mace ta ɗauki mace ɗaya. Na ce ba mu da wuri. Ta ce Goggo Ƙande, ɗakin 'yarki fa? Na ji haushi. Amma na ɗauka. Gaji sunanta, da goyo, miji ya yi kudu da sauran awaki. Tsarar 'yata ce. Har tsayin.

Asabar, 9 ga Maris
Kamyon, babbar motar jar dawar agaji, ta zo. Mun sha rana a layi. Komi mai rubutu ya ce da Gaji, sunan mai gidanki? Ta sunkuyar da kai. Sau uku yana tambaya, sai ya ce ta gaba. Ka ji fa. Wace 'yar mutunci ce za ta faɗi sunan miji a bainar jama'a? Mu 'yan gari maƙwabta ke faɗin na mazanmu, ita wa ya san nata? Mun dawo da ƙwaryarta wayam. Nononta ya fara ƙafewa.

Lahadi
Na ce ki raɗa mini a kunne mana. Ta ce Inna, gani nake in na faɗa ba zai dawo ba. Ban matsa ba. Na san abin.

Talata, 12 ga Maris
Da Gaji take daka ta juya baya, sak 'yata, sai da na fita waje. Ko wa ke tambayar tawa ta ci ko ba ta ci ba, oho.

Asabar, 16 ga Maris
Saratou ta tara mu, mata sun fi ashirin, muka tsaya gaban teburin komi mai rubutu. An ce ni zan yi magana tunda na yi lakkwal, makarantar boko, shekara uku. Na ce da shi Mushe, yadda ake kiran ma'aikata, miji ba shi nan, ciki yana nan, a rubuta Gaji. Ya ce kaye, littafin sunayen, na masu gida ne. Saratou ta ce Mushe, tsakani da Allah, ka taɓa jin innarka ta kira sunan babanka? Mata suka kwashe da dariya. Ya ce za ku sa a kore ni. Muka zauna a ƙasa, ba mai tashi. Wajen azahar ya rubuta. Ita da wasu tara. Tiya huɗu ta samu.

Alhamis, 21 ga Maris
Jaririn ya sha har ya yi gyatsa.
Baƙo direba zai Kano jibi. Na je tasha da kaina, na ce in ya shiga Fagge ya tambaya mini labarin 'yata. Ya ce wa zan ce, Goggo? Ya sani sarai, tare suka yi wasan ƙasa, zai faɗa na riga shi. Ban san me ya same ni ba.
Hasiya.
Ba nauyi ashe. Alƙalamin nake gwadawa kawai, Hasiya.