Masu Karta a Bangon Hajiya

Talata da dare, a unguwarmu, Ard al-Liwa

A falon Hajiya, inda nake aiki a unguwar Zamalek, akwai wani tsohon zanen ba'a: Turawa masu tumbi suna karta, ɗaya ya ɓoye kati a hannun riga. Kullum sai na juya fuskar zanen bango kafin in yi azahar. Yau kuwa na tsaya ina kallo. Wanda aka cinye ya dafe ƙeya, baki buɗe, sak marigayi Baba ranar da karta ta ci kekensa a Maraɗi. Har na ji ƙamshin dogon yaron da su Baba suke karta a ƙarƙashinsa.

Hajiya ta ce, "Rabi, gobe a zubar da shirmen zanen nan, khalas, ya isa haka."

Na ce, "Don Allah a ba ni, Hajiya."

Ba ni da hoton Baba ko ɗaya.