Jajayen Turaku a Gonar Baba

Sansanin Kimiyya, Garki, Abuja
Agusta, 1991

Zuwa ga Yaya Christina,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Ina fata kina lafiya, ke da Baba da duk mutanen gari. Na iso lafiya. Mato direba ya sauke ni har ƙofar makarantar da aka tara mu, kuma ya ce duk wasiƙar da zan aiko in ba shi a tasha.

Yaya, garin nan ba ya hutawa. Ko'ina gini, ko'ina katafila. Kullum tireloli na shigowa daga Legas ɗauke da tebura da kujerun ofis, an ce kafin shekara ta ƙare gwamnati za ta tare gaba ɗaya. Mu kuwa an ɗebo mu ne daga makarantu daban-daban, maza zalla, mu yi dogon hutun nan muna koyon kimiyya. An ba kowa farar riga irin ta likitoci. Tawa ta yi mini yawa, sai da na naɗe hannun.

Wanda gadonsa ke kusa da nawa sunansa Lukmanu, Bakano ne, babansa na da shago a Nyanya. Ranar farko da ya ga na saɓa akwatina a kafaɗa sai ya ce, "Lallai Bagwari ne!" Na ce masa Gbagyi ake cewa. Ya ce to, ya karɓi gyara, amma in bar shi ya taya ni ɗauka. Tun daga nan muke tare. Bakinsa ba ya shiru, amma yana da kirki.

Jiya an sa mun ɗiga ruwan kududdufi a ƙarƙashin wata na'ura mai ƙara girman abu. Yaya, ruwan da ido ke gani garau, ashe cike yake da halittu suna ta iyo! Ranar ban iya shan ruwa da daɗi ba.

Yaya doyar Baba? Na san lokacin yanka ya matso. Ki ce masa kada ya sunkuya shi kaɗai da wannan bayan nasa, ya jira ni. Ni na iya yanke doyar in bar kanta a cikin kunya yadda za ta sake yin iri, shi ya koya mini. Ban taɓa ganin irin doyar Kaka a wata gona ba sai tamu da ta waɗanda Baba ya ɗiba wa, shi ya sa nake tunaninta ko a nan.

Ki gaishe da Baba da kyau.

Ƙaninki,
Thaddeus

*

Sansanin Kimiyya, Garki

Yaya Christina,

Bayan gaisuwa. Ba za ki yarda ba, jiya na zo gida na koma ba ku gan ni ba!

Ga yadda aka yi. Wannan makon safiyo ake koya mana, wato awon ƙasa. Malaminmu, Mista Justice, wanda aka kawo daga Legas, ya ce yana neman wuri mai tudu da rafi da fili a haɗe, mu gwada abin da muka koya. Ni kuwa na ɗaga hannu na ce gonar babana haka take, can bayan Paikon Kore. Aka zuba mu a farar bas muka taho.

Na so in shiga gari, sai wata tsohuwa a bakin titi ta ce duk kun tafi jana'iza ƙauyen gaba. Muka bi ta hanyar rafi kai tsaye. Yaya, da kin ga yadda yaran birni suka tsaya suna kallon kunyoyin Baba! Wani ya tambaya ko inji ne ya jera su. Kaina ya yi girma, ba zan ɓoye miki ba.

Muka ja igiyar awo daga tsamiya zuwa rafi. Duk inda muka auna sai mu kafa turke mu shafa masa jan fenti a kai don a hango shi daga nesa. Ni ne mai bugawa, tunda na fi su sanin inda ƙasa ke da taushi. Ba mu taka kunya ko ɗaya ba, na tsare wannan. Muna cikin yi ruwa ya tsuge, muka ruga bas a guje. Mista Justice ya ce a bar turakun, wani makon mu dawo mu ƙarasa mu cire abinmu.

Kada ki faɗa wa Baba komai tukuna. Taswirar gonar nake zana masa, da tsamiyar da rafin da komai, da sunansa a sama. So nake in miƙa masa da hannuna in ga fuskarsa.

Ƙaninki,
Thaddeus

*

Daga gida
Agusta, 1991

Ƙanena Thaddeus,

Salama ta Ubangiji ta kasance tare da kai. Wasiƙarka ta isowa ita kaɗai na samu, mun ji daɗi. Motar Mato tana Apo wajen gyara, sai ta hannun yaronsa nake aiko wannan. Ka zauna kafin ka karanta, labarin babu daɗi.

An zo karɓar gonarmu.

Washegarin jana'iza Baba ya tafi gona da safe, bai daɗe ba sai ga shi ya dawo ba garma a kafaɗarsa. Ya zauna a kan turmi ya ce, "Sun zo." Na bi shi na gani da idona. Turaku masu jan kai, daga tsamiya har rafi. Yaran da ke kiwon awaki sun ce sun hango farar mota da mutane cikin fararen riguna suna jan igiya, tsoro ya sa suka gudu.

Kai ba za ka tuna ba, lokacin da aka tashe mu daga tsohon gari ko wando ba ka sawa, kuma Baba ba ya son zancen. To haka aka fara. Turaku irin waɗannan, jan fenti irin wannan. Wancan karon Baba ya ce ba wanda zai taɓa gonar da ke da amfani a cikinta, ya ƙi haƙa. Katafila ta zo ta bi ta kan doyar muna tsaye muna kallo. Abin da Mama ta tsinto a bayan katafilar cikin zanenta, Allah ya ji ƙanta, shi ne irin doyar Kaka da muke ta juyawa har yau.

Wannan karon Baba bai jira ba. Ya kira gayya. Ya je wajen maƙwabcinmu Simon da gidan su Rosemary, tunda gonakinsu na jikin tamu, ya ce musu in an fara da shi, su ne na gaba. Suka yarda, don sun san ya taɓa gani. Aka haƙe gonakin duka.

Ka san yadda ake yi da, a yanke a bar kai da yaɗo. Wannan ba yanka aka yi ba, tumɓukewa aka yi. Baba ya ce wa za a bar wa kan, katafila? Na ce masa, "Baba, mu je ofis mu tambaya mana." Ya ce wancan karon ma tambaya ya tafi yi.

Doyar ba ta ƙosa ba, duk ruwa ce. Ta cika tsakar gida, wasu har sun fara baƙi. Ba za ta kai lokacin shuka ba, kowa ya sani, ba wanda ke faɗa. Abin da ya fi ci mini rai, Baba har da ɗan murmushinsa. Jiya ya ce da ni, "Bana na riga su."

Ka yi mana addu'a. Ka kuma tambayi malamanku ko sun san wane ofishi ne, tunda kuna kusa da manya.

Yayarka,
Christina

*

Daga gida

Thaddeus,

Mato ya gyara mota. Yau ya kawo mini wasiƙarka ta biyu.

Kai! Kai, Thaddeus! Na karanta a tsaye, na zauna na sake karantawa. Taswira? Gonar mutum za ka shiga da baƙi, ka kafa abu, ka tafi ba sallama? Ko ɗan akuya ka ɗaure a gonar wani ai ka faɗa masa. Tsohuwar da ka gani a titi, bakinka ciwo yake yi da ba ka bar mata saƙo ba? Wallahi da kana gabana da sai na mare ka, duk da farar rigarka.

Na san ba ka sani ba. Na sani. Shi ya sa kukan ma ya ƙi tsayawa, don ban san wanda zan tsine wa ba.

Ban faɗa wa Baba ba. Wasiƙar tana cikin Littafina Mai Tsarki. Jiya bayan sujada Simon ya tsaya a ƙofar coci ya ce duk hannun da ya buga turken nan, shi da shi har gaban Allah. 'Ya'yansa ƙanana ne, ka sani, kuma ba shi da wata gona. Dattawa kuma sun fara cewa dama 'yan boko ne ke riƙe wa gwamnati igiya.

Ka faɗa mini abin da zan yi, tunda kai ne mai ilmi.

Christina

*

Sansanin Kimiyya, Garki

Zuwa ga Yaya Christina,

Bayan gaisuwa ta girmamawa da fatan alheri gare ki da Baba. Ba ki san ni ba, ni ne Lukmanu, abokin Thaddeus. Ki gafarce ni da shiga maganar gida. Shi ne ya ba ni wasiƙunki na karanta, don ya ɗauki biro ya ajiye ya fi a ƙirga.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Yaya, tun da saƙonki ya zo yaron nan bai ci abincin kirki ba. Na tsokane shi duk irin tsokanar da na iya, ko kallona bai yi ba. Jiya aka ce kowa ya kawo aikinsa a duba, nasa ya fi na kowa kyau, amma ya ƙi fito da shi. Cewa yake yi ya kashe doyar kakarsa.

Ba shi kaɗai ba ne. Ni na riƙe gwangwanin fentin, har ina yi masa tsiya cewa ya ƙara ja don a gani da kyau. Dukkanmu mun yi dariya a gonar nan, ba wanda ya ce a nemi mai ita.

Na lallashe shi muka je wajen Mista Justice. Mutumin ya riƙe kai, ya ce shi a iya saninsa turke turke ne kawai. Ba mugu ba ne, wallahi, idonsa har ya kawo ruwa. Ya ce ranar Asabar zai kwaso mu duka a bas mu zo gaban mai gari, mu faɗi gaskiya, mu ba da haƙuri, mu cire turakun da hannunmu, mutane su san ba wanda zai karɓi gonarsu. Thaddeus ya ce shi zai fara magana. Ya ce ko dukansa za a yi, a yi.

Amma ya ce ba zai zo ba sai Baba ya sani tukuna, kada ya ji a bakin taro. Don Allah ki faɗa masa, ki aiko mana da amsa ta hannun Mato.

Allah ya mayar muku da alheri, ya ba Baba haƙuri.

Naki cikin ladabi,
Lukmanu

*

Daga gida

Ƙanena,

Salama. Ka gode wa Lukmanu, ɗan halak ne.

Na karanta wa Baba duka, ban tsallake ko kalma ba. Bai yi faɗa ba. Ya kalli doyar da ke tsakar gida, sannan ya ce in rubuta wannan yadda ya faɗa.

Kada ku zo. Kada bas ɗin nan ta sake biyo hanyar garin nan. Ya ce Simon zai iya yin fushi da gwamnati har ya mutu, ba zai taɓa haɗuwa da ita a hanyar rafi ba, amma kai zai haɗu da kai. Ya ce gayyar shi ya kira, shi zai ɗauka. Daga sansani ka wuce makaranta, sai Kirsimeti.

Na ce, "To Baba, turakun fa? Mu cire mu sake tayar da kunyoyi." Ya ce in ya cire, ko ya sa garma a tsakaninsu, za a tambaye shi yadda aka yi ya san katafila ba za ta zo ba. Su Simon in sun ga shiru za su koma gonakinsu, tunda ba turke a ciki. Tamu kuwa a idon gari an karɓe ta, haka za ta zauna.

Yau da safe ya je wajen mai gari ya roƙi ɗan fegin nan mai duwatsu na bayan coci. An ba shi. Na gan shi yana tsintar duwatsun ɗaya bayan ɗaya, yana dafe da baya.

Ya ce ka gama karatunka. Bai ce yana gaishe ka ba, ni ma ban tambaye shi ba.

Allah ya kiyaye ka.

Yayarka,
Christina