Tashin Baba Daga Kujera

Daren Laraba, Oktoba 2015, Park Hill

Na kasa barci. Tun a jirgin ruwan da na hawo zuwa gida nake juya abin da ya faru a gidan wasan kwaikwayo.

Wata biyu ke nan ina koyon sarrafa wata babbar 'yar tsanar katako mai siffar tsoho, wadda za mu yi wasa da ita. Mu uku muke riƙe ta, ni ce mai kula da kai da hannun dama. Kullum darakta cewa take katako take gani, ba mutum ba. Yau da muka zo inda tsohon zai tashi daga kujera, ban san lokacin da na ɗora masa hannunsa a gwiwa ba, na ja numfashi na ce, "Bismillah." Tashin Baba ne sak, Allah ya jiƙansa.

Darakta ta ce kowane dare in maimaita haka, har da kalmar.

Ya kamata in yi murna. Amma Baba ko hoto ba ya bari a rataya masa a ɗaki, ga shi zan tashe shi a jikin katako gaban baƙin da suka sayi tikiti.

Na gaya wa Yaya Sani da ya dawo daga tuƙi, na zata faɗa zai yi. Ya ɗago kai daga tuwonsa ya ce, "Har da dafa gwiwar?"

Na ce har da ita.

Ya ce, "Ki samar min wuri a layin gaba, amma kada Umma ta ji."

To laifi na yi ko me? Ban sani ba, kuma gobe da safe zan sake ɗaga shi.