Inna Ta Kai Goshi Ƙasa

Yaya Zunnuraini,

Na fita kana barci, kada motar Maraɗi ta tashi ta bar ni a Magama.

Yau da asuba Inna ta ture kujerar da ta shekara uku tana salla a kai. Ta yi ruku'u, ta kai goshi ƙasa, ta miƙe da kanta. Ina riƙe da buta na kasa motsi. Kwananta shida kacal da fara maganin gwiwar da likita ya rubuta. Ikon Allah.

Wai gobe Alhamis za ta yi azumin godiya. Ka lallashe ta. Akwai ƙwayar rana, kuma likita ya ce sai da abinci a ciki. In ta nace, ka ce mata sujadar ma godiya ce.

Hasiya