Amsata Kan Aikin Ikko

Haɗeja, bayan Babbar Salla, 1975

Ya ke Yagana, farin wata a kan ruwan fadama, furen bado mai buɗewa da hantsi, sanyin randa ga wanda ya yini a rana, matata kuma Daktata! Gaisuwa mai yawa daga mijinki Haladu, wanda jikinsa ke Haɗeja, ruhinsa yana Ingila, inda kika kammala karatu.

Agwagin dajin nan masu zuwa daga ƙasashen sanyi duk sun sauka a fadamar Guri. Kowace safiya nakan tsaya bakin kogi ina kallonsu. Tsuntsu ya san hanyar garinmu, ke ce za ki ɓace ta? Gidan da na gina ya yi mini yawa, Yagana. Na sa Mala kafinta ya jera miki katakon littattafai a ɗakin sama, ta gefen da ke kallon ruwa. Nakan hau in zauna, daga ni sai katako.

Ran da na je Kano gidan waya muka yi magana, kin ce aiki biyu ke jiranki. Ɗaya koyarwa a Kano, inda duk ranar Juma'a za ki kwana gida. Ɗayan a Ikko, babban birnin ƙasa, a kamfanin masu ba manyan 'yan kasuwa da masana'antu shawara, kuma daga ƙasa za ki fara, kina bin wasu a baya da jakar takardu, yau Fatakwal, gobe Kaduna. Kika ce zaɓi yana hannuna, abin da na faɗa shi za ki yi.

Wallahi raina ya ɓaci. Dakta guda, a ce ita ce ƙaramar ma'aikaciya? Ni da ban wuce aji uku na sakandare ba, yau motocina ke kai bandar kifi har kudu, ban taɓa biyan wani ya koya mini kasuwata ba. Wannan aiki na sayar da shawara, har yanzu ban gane kansa ba. Yayata Uwa ta ce ba abin wahala ba ne, in ce ban yarda ba, magana ta ƙare, haƙƙina ne. Abokan kasuwa ma haka suka ce, har da masu dariya.

Amma ni na ji muryarki, ba su ba. Da kina maganar Kano, a kwance take kamar ruwan tabki da rani. Da kika ambaci Ikko, sai ta tashi tana gudu kamar kogi a tsakiyar damina. Muryar nan na san ta. Ita na ji ran da muka haye zuwa Auyo cikin kwalekwale, ruwa ya shanye hanya, kin ɗora littattafanki a ka kina gaya mini duk abin da kike son zama, har mai tuƙi ya bar tuƙi yana saurare. A ranar na ce ko wannan yarinya ko babu. To, yaya zan yi da hannuna in kashe abin da ya sa na so ki? In ajiye ki kusa da ni kina murmushin ladabi, zuciyarki tana wani gari?

Ki karɓi aikin Ikko. Na rubuta, kuma ba zan goge ba. Ki shiga daga ƙasa, ba za su daɗe suna gabanki ba.

Roƙona ɗaya ne, ya ke hasken idona: kada ki wuce can kai tsaye. Ki fara sauka gida, ko na mako ɗaya ne, in gan ki ki gan ni, ki ci tuwon shinkafar bana. Bayan nan, duk motar kifin da ta tashi zuwa Ikko a ƙarshen wata, ki duba kusa da direba. Mai motar ne zai sauko, yana warin hayaƙi, yana tambayar ofishin matarsa. Kada ki ji kunyata a gaban mutanenki, wannan kaɗai nake tsoro.

Ni ne naki, yau da gobe, har ranar da za a rufe ni da ƙasar Haɗeja,

Haladu