Mayafin Sagal Mai Maɓallin Jarirai

Zuwa ga ƙanwata Dahabo,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da mutanen Hargeisa baki ɗaya. Allah Ya ƙara wa maigidanki sauƙin ƙafar nan. Mu nan Minneapolis sai godiya, gwiwoyina ne kawai ke gardama da matakala.

Albishirinki, jikata Sagal ta samu aiki. Kin san shekara biyu ta yi tana koyon sarrafa injin yanka ƙarfe. Ma'aikatu huɗu ta je, kowace sai a yaba takardunta, a dubi mayafinta, a ce inji zai iya fizgarsa ya shaƙe ta. Ranar ta huɗun ko ayabar kan shinkafarta ba ta taɓa ba. Ta ce mini mayafi dai ba za ta cire ba, in ta biyar ta ƙi ta, ta bar sana'ar ke nan.

Na ce tsoron mutanen nan ba ƙarya ba ne, kuma in kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. Na janyo kekena na ɗinka mata ɗan guntun mayafi, da hula a ciki, na sa masa maɓallai irin na rigar jarirai, masu ɓallewa da an ja. Na ƙara ɗinka na biyu ta ajiye a jaka. 'Yar nema ta ce wai zan mayar da ita jinjira. Na ce da ma ban ga ranar da ta girma ba.

A ta biyar ɗin, shugaban ma'aikata wani dattijo ne mai sanƙo, Lindgren. Da ta miƙa masa na biyun da ke jakarta ya duba, bai tsaya dogon zance ba, ya ɗaura a kansa, ya sa wani ƙato ya fizga. Maɓallai suka ɓalle, sanƙo ya bayyana, wuya lafiya lau. Ya ce ta fara Litinin, ya kuma tambaye ta lokutan sallarta don ya tsara hutunta. Alhamdu lillahi. Allah Ya shirye shi, Ya saka masa.

Yanzu wai ya aiko a ɗinka shida, ko wasu 'yan matan za su zo. Idanun da likita ya ce in hutar, su ma sun samu aiki.

Ki gaida Warsame, da Idil da yaranta, da ƙawata Ardo.

Taki yayarki,
Ambaro